Ranar da Aka Ce Mu Tashi da Shanunmu

Da kuɗin mai ya shigo, unguwarmu ta gefen Kazaure ta cika da gidajen bulo na ma'aikata. Maƙwabtanmu makiyaya suka sayar da filayensu, suka koma wajen Roni. Mu kaɗai muka rage da shanu.

Wata la'asar ina riƙe wa Baba maraƙi, sai sabon maƙwabcinmu ya tsayar da motarsa a bakin garke. Ya ce warin kashin shanu yana korar masa baƙi, gara mu bi 'yan'uwanmu, shi zai sayi wurin.

Sai da Baba ya gama ɗaure maraƙin sannan ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, shara za mu ƙara, safe da yamma. Amma tashi kam, a'a. Nan kuka same mu, kuma mun yi muku maraba."

Ya ce in karɓo wa baƙo nono wajen Inna. Na kawo ƙwaryar. Mutumin ya yi jim, ya karɓa, ya sha a tsaye.

Har yau idan zan ƙi abu, muryar Baba ta ranar nan nake nema.