Sawun Tsintsiya

"Ƙasa kike ɗauka a hoto? Mutane sun ƙare a Matameye?" in ji uwar.

"Sawun tsintsiyarki ne, Inna. Kamar fiffiken zabuwa."

Tun ɗaukewar damina, kowace safiya budurwar takan ɗauki zanen da shara ke bari a tsakar gida, ta tura wa yayanta mai cin rani a Kano. Yau ta jera hotunan tana kallo. A na farko layukan dogaye ne, sun lanƙwasa gefe guda. Daga baya suka gajarce. A makon nan kuwa sun juya gaba ɗaya, sharar hagu ce.

Ta ɗaga kai. Hannun daman uwar yana ɓoye cikin mayafi.

"Inna, ajiye tsintsiyar nan. Yau za mu ga likita."