Takalmin da Aka Gwada da Buta

Yaya Tanimu, tun ranar da muka dawo daga maƙabarta muka baro ka, gidan nan ya yi mini faɗi. Ka san ni ba mai dogon karatu ba ne, amma akwai wani misali da ka taɓa ba ni wata ranar da ka dawo daga aiki, kana zaune a dakali kana kankare busasshen siminti daga farcenka. A lokacin dariya kawai na yi. Yanzu shi nake ta juyawa a raina. Bari in maimaita maka, ka ji ko na riƙe shi daidai.

Ka ce an yi wani lebura mai ɗaukar kankare a kwanon sarki, irin waɗanda ake tarawa ranar da za a zuba rufin bene. Aikin nan in an fara shi ba a tsayawa sai an kai ƙarshe, don in kankare ya sha iska a tsakiya, wata rana rufin zai tsage. Shi kuwa siminti ba ya ƙuna irin ta wuta. Da sanyinsa yake shiga takalmi, ya kwanta tsakanin yatsu, ya yi ta cin fata shiru, mai ƙafa bai sani ba sai ya zo cirewa. Ya taɓa cin ƙafar leburan nan, ya yi doguwar jinya, har ogan aiki ya ce masa in ya sake kwanciya, to gurbinsa na wani ne. Da kwanon nan yake ci da iyalinsa. Saboda haka da aka sa ranar wani babban zubi, sai ya tafi kasuwa neman takalmin aiki, shi da abokin aikinsa, ya riƙo buta cike da ruwa. Abokin bai ɓata lokaci ba. Ya hango wani mai sheƙi, mara nauyi, ga arha, ya sa a ƙafa ya ji daɗi, ya biya, ya rungume abinsa a leda. Shi kuwa mai buta, duk takalmin da aka miƙo masa sai ya lanƙwasa shi ya duba ko ɗinki ne ya riƙe ƙasan ko gam, sannan ya ce zai tsiyaya ruwa a ciki. Rumfa bayan rumfa ana korarsa. Wani mai takalma ya ce masa, "Malam, saye ka zo yi ko alwala za ka yi wa kayana?" Ya ce, "Alhaji, yi haƙuri. Ƙafar ke nan guda biyu, ban bar wasu a gida ba. Wanda ya riƙe ruwan nan, abin da ka faɗa shi zan biya, ba neman ragi." Alhaji ya yi dariya ya yarda. Na farko ya zubar ta diddige. Na biyu ya yi gumi ta wajen babban yatsa. Can ƙarƙashin kaya aka jawo wani baƙi, mummuna, mai nauyi kamar an ɗaura dutse, bakinsa da ƙarfe. Aka cika shi da ruwa, aka ajiye a kan busasshiyar ƙasa, suka tsaya suna kallo. Ƙasa ba ta jiƙe ba. Kuɗinsa ya ci abin da ya tara don ɗinkin salla, ya biya, abokinsa na yi masa tsiya har gida, wai ya sayo wa jaki kofato.

Ranar zubi injin kwaɓa ya tashi tun da sassafe, leburori suka jeru a kan katakon hawa, kwano na bin kwano. Kafin azahar takalmin abokin ya buɗe baki. Ya tsinko wayar ɗaurin rodi ya ɗaure, ya koma layi, don ba halin tsayawa. Shi mai baƙin takalmi nauyi ya dame shi, cinyoyinsa suka yi tsami, amma ya cije, yana hawa yana sauka, yana taka ƙusa da tsakuwa ba ya ko waiwaye. Da la'asar sakaliya aka gama, kowa ya zauna cire takalmi. Mai baƙin takalmi ya zare nasa, ƙafa a bushe, sai warin gumi. Abokin ya ja safarsa, fatar ƙafa ta biyo ta. Mai baƙin takalmin ne ya goya shi zuwa bakin titi. Ranin nan kaf abokin a tabarma ya yi shi, yana jin ƙarar injin daga nesa, wani yana ɗaukar kwanonsa. Baƙin takalmi kuwa ya ga benaye sun tashi an shiga, ya je wurin mai gyara ya dawo, bai daina fita aiki ba.

Iyakar abin da ka ba ni ke nan, Yaya. Yaranka suna nan, ƙaramar har yanzu tana leƙa zaure in ta ji sallama. Ni na gama shawara da zuciyata: ranar Asabar zan je wurin oganku in ce ya ba ni gurbinka. Na san za a ce ƙashina bai yi ƙwari ba, shi ya sa ban faɗa wa kowa ba tukuna, ko Inna. Amma ai Hausawa sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.