Jar Mota da Dillali

Zauna tukuna, Malam. Na ga tun da maƙwabcinka ya ce katangar gidanka ta tsage kake cika kana batsewa, wai so yake ka sayar masa da filin. Bari in ba ka misali.

An yi wani dattijo mai wata tsohuwar mota ja, mai kujera biyu, marar rufi, irin wadda aka ƙera don gudu tun zamanin da ba a haife ka ba. Da ita ya yi samartaka, a cikinta ya fara fita da matarsa tana amarya, saboda haka ko ƙura ba ya bari ta kwana a kanta. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya fito da ita ya zaga gari. A layinsu kuwa akwai wani dillalin motoci wanda ya sha roƙonsa ya sayar masa, shi kuma ya sha cewa a kai kasuwa. Wata Juma'a dillalin yana bayansa a kan babur, sai ya ga ƙafar baya ta dama tana rawa. Da suka haɗu a ƙofar masallaci ya ja shi gefe ya ce masa boris ɗin ƙafar nan, wato ƙarfen da take juyawa a kansa, ya ci, kada ya hau babban titi da ita. Dattijo ya yi murmushi, a ransa ya ce an zo wurin. Wa bai san halin dillalai ba? Sai sun kushe kaya sannan su yi tayi. Ai da boris ya ci da ya ji kukansa. Ya manta motarsa ba ta da rufi, injinta ya fi injin niƙa ƙara, kunnen nasa ma ba na jiya ba ne. Ga shi kuma a makon nan zai ɗauki matarsa su tafi Jos sunan jikarsu, hanya mai hawa da gangara.

Da wani ne da ya ce ba ruwansa, tunda an yi masa kallon maƙaryaci. Dillalin nan bai yi fushi ba, bai kuma tsaya musu ba. Washegari da hantsi ya yi sallama riƙe da jak, ya ɗaga bayan motar, ya ce dattijo ya kama ƙafar da hannunsa, sama da ƙasa, ya girgiza. Ya girgiza, ƙafa ta amsa ƙwas-ƙwas kamar haƙorin da ya kusa fita. Nan dattijo ya yarda. Aka kira bakanike, ya kwance, ya zaro boris ɗin. Giris ya bushe ya zama ƙanzo, ƙarfen ya yi shuɗi don zafi, 'ya'yan ciki suka zubo ƙasa a farfashe. Sai wata matsalar ta taso, domin mota ta tsufa, masu kayan gyara duk wanda aka nuna wa sai ya girgiza kai. Dillalin ne dai ya sa mataccen boris ɗin a aljihu, ya bi kasuwa rumfa-rumfa, shi da ya san wanda ke ajiye tsofaffin kaya a ƙarƙashin benci, har ya samo guda biyu daidai da shi. Bakanike ya ce ba a sauya ɗaya a bar ɗaya, tare suka tsufa. Ya ɗumama sababbin a cikin mai mai zafi don su buɗe su shiga ba tare da guduma ba, ya cika su da giris, ya ɗaure, ya juya ƙafar da hannu. Shiru kake ji.

Dattijo da matarsa suka kama hanyar Jos. Da suka zo wata doguwar gangara mai kwana, ga rami a gefe, ga tirela tana tahowa, dattijo ya dubi matarsa tana riƙe da mayafinta tana dariyar iska, ya tuna 'ya'yan ƙarfen nan da suka zube a ƙofar gidansa. Har suka sauka hamdala yake ta yi. Da suka dawo ya ɗauki kwandon dankalin Turawa da kansa ya kai gidan dillali, ya zauna yana jira a tayar da maganar ciniki, don a ranar kunya ma za ta iya sa ya sallama. Dillali ya yi ta tambayar mai jego da jaririya. Da dattijo ya gaji ya taɓo zancen da kansa, sai dillali ya yi dariya ya ce, "Motar nan ina sonta har gobe, Alhaji. Amma motoci da yawa, maƙwabcina kuwa ɗaya ne." Dattijo ya riƙe hannunsa ya daɗe bai sake ba, godiya ta cika masa baki.

To, Malam, tashi ka je ka sa hannunka a tsagar katangar nan kafin damina ta sauka, yaranka a gindinta suke wasa. In ka dawo ka biya ka gode wa mutumin. Hausawa sun riga sun faɗa: gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.