Jan Layin Safiyo

Ruwan ya tsuge da ƙarfe uku da kwata. Safiyo ya duba agogonsa ya tabbatar. Shekara talatin ya yi yana auna hanyoyi kafin ya yi ritaya, har sunan aikin ya bi shi, kuma har yau ba ya yarda da abin da bai auna ba.

Matarsa na gefensa cikin tsohuwar motarsu, rungume da kwanon abinci. 'Yarsu ce ta haihu da safe a asibitin da ke ƙetaren kwari, bayan shekara tara ana jira, kuma ƙarfe biyar ake rufe wa masu dubiya ƙofa.

Tsakaninsu da asibitin akwai kwari, inda titi ya gangara ya sake hawa. Da rani ko akuya ba ta jiƙa kofato a wurin. Amma in hadari ya juye a kan tudu, cikin minti goma sai ka ga kogi ja wur yana jan itatuwa.

A bakin kwarin akwai turken siminti, a jikinsa jan layi. Safiyo ne ya ja shi da hannunsa shekara ashirin da suka wuce, bayan lissafin da ya ci shafi huɗu. Dokarsa ɗaya ce: ruwa ya taɓa layi, mota ta tsaya. Kowa a unguwa ya haddace ta, har matarsa, wadda ba ta bin hanyar sai sau ɗaya a shekara, gab da damina, in za ta gaida ƙanwarta. A ƙasa take tafiya da ɗan kwandonta, ba ta yarda a kai ta.

Yau ruwan lasar layin kawai yake yi.

Safiyo ya fita da lema, ya goge tabarau, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa turken, ya dawo. Ya duba agogo. Ƙafarsa ta hau totur, ta sauka.

"Tsohuwa, ko kaurin yatsa fa bai rufe ba. Jikanmu na can."

"Kai ka yi lissafinka, Malam. Ni me na sani? Ni da ko kwanonina sai na ɗiga musu jan fenti nake gane nawa."

Ya yi ajiyar zuciya, ya kashe mota.

Wani matashi mai motar kaya ya matso yana danna ham, ya leƙo ta taga.

"Baba, in jiƙa motar ka zo yi, matsa gefe! Ruwan nan ko gwiwa bai kai ba."

"Gwiwar wa, ɗana? Ka auna?"

Matashin ya kwashe da dariya ya afka. A tsakiyar kwarin injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Bayan motar ya juya a hankali, ruwa ya tura ta har ta maƙale a ƙarfen gefen titi. Da igiya aka jawo matashin, yana kakarin amai, takalmi ƙafa ɗaya.

Safiyo ya ba shi tawul, ya haɗa masa da bayanin da ya fi ruwan daɗewa.

Biyar saura kwata layin ya fito sarai. Suka ƙetare, suka iske mai gadi ya riga ya kama ƙyaure. Minti shida Safiyo ya samu yana riƙe da jikansa, kuma wannan karon bai duba agogo ba.

A hanyar komawa bakinsa ya buɗe.

"Kin ga amfanin ilmi? Da ba don layin nan ba, da yanzu ana nemanmu a cikin ciyayi. Kuma dubi fentin zamanin da! Shekara ashirin, kamar jiya aka shafa. Damina ce kawai ta canza. A da sai a yi wata ruwa bai kai layin ba, yanzu ɗan yayyafi sai ya taɓa shi."

"Zamani ne, Malam," in ji ta.

Ta dube shi, ta tuna yadda ƙafarsa ta hau totur ɗazu. Ta gyara zaman kwanon a cinyarta, ta yanke shawara: baɗi, in ta kankare layin ta sake ja, yatsa biyu za ta sauko da shi, ba ɗaya ba kamar yadda ta saba kowace shekara.