Ruwan da Bai Sha Ba

Tsohon ya kau da kai daga ledar ruwan da matar ta miƙa masa.

'Yan acaɓa biyu ne suka kinkimo shi zuwa coci daga ƙarƙashin gadar Karu, inda yake kwana tun da rusau ya ci ɗakinsa. Cocin nan ne kaɗai ke barin ƙofa a buɗe da rana, fankoki na juyawa a kan duk wanda zafi ya koro. Matar ita ce mai rabon ruwa a cocin. Ta taɓa goshinsa, ta ji shi kamar murfin tukunya, kuma babu ɗigon gumi. Ta san wanda gumi ya ƙafe wa a irin wannan rana da wuya ya kai yamma.

"Baba, sha mana. Fiya wata ne na shago, Fasto bai yi masa addu'a ba."

Da ƙyar leɓɓansa suka motsa. "Ba ƙyama ba ce, 'yata. Azumi nake."

"Ai an yarda mara lafiya ya sha," in ji ɗan acaɓa ɗaya.

Tsohon ya datse baki.

Ba ta ƙara roƙonsa ba. Ta fasa ledar da haƙori, ta tallafi ƙeyarsa, ta juye masa ruwan a ka, a gaban bagade, teburin ibadar cocin.

Ɗan acaɓan ya zabura. "Haba, Madam! Baftisma za ki yi masa, ki mai da shi Kirista?"

Ruwan ya bi gemun tsohon zuwa ƙirjinsa. Ya ja dogon numfashi.

"Rabu da shi, 'yata," ya ce. "Ƙaro leda biyu."