Linzamin Mamaci

Ka ce wai mene ne laifi don mutum ya ɗan ci gaba da amfani da sunan wanda ya riga mu gidan gaskiya, tunda ba ya nan balle ya ji ciwo. To gyara zama, ɗan'uwa, in ba ka misali, ni ba na son doguwar gardama.

An yi wani mai gyaran waya da maƙwabcin shagonsa, tela. Su biyun sun ɗauki wasan yaƙi na kwamfuta da zafi, irin wanda ake haɗa ƙungiya ta intanet, wani yana Yamai, wani Jidda, wani Kumasi, ba wanda ya san fuskar wani sai sunan wasa da murya. Mai gyaran waya gwani ne na ƙin ƙarawa. Yana da wani linzamin kwamfuta mai maɓallai birjik a gefe, irin wanda ake koya wa aiki: ka yi motsi ya haddace, gobe kana taɓa maɓallin ya maimaita shi tsaf. Duk dabarunsa ya zuba su a ciki, har wurin da babban yatsansa ke kwanciya ya suɗe yana ƙyalli. Tela kuwa, Allah sarki, kullum shi ake fara kashewa, shi ake yi wa dariya. Ran nan mai gyaran waya ya hau babur zai ɗauko 'yarsa daga makaranta, mota ta buge shi, ko shurawa bai yi ba. Da aka share makoki, matar marigayin ta ba tela kwamfutar amana ya sayar mata. Ya kai gida ya kunna don gwaji, sai ga sunan marigayin a buɗe, abokan wasa suna ta cigiyarsa. Abin da ya rage masa bai wuce ya ce musu wane ya rasu, su yi masa addu'a ba. Amma sai ya ɗora hannu a kan linzamin, yatsansa ya faɗa gurbin yatsan mamacin, ya danna. Sojan da ke kan allo ya durƙusa, ya mirgina hagu, ya yi harbi, daidai yadda mai shi yake yi yana raye. Kafin tela ya janye hannu yabo ya fara zuba, shi da bai taɓa jin ko sannu da ƙoƙari ba. Sai ya rubuta musu cewa abin maganarsa ya lalace, ya ci gaba da wasa shiru da sunan mamaci. Matar kuma ya ce mata kasuwa ta yi sanyi, ba a samu mai saye ba.

Wata rana da tsakar rana ana cikin gumurzu, yatsansa ya zame kan wani ɗan maɓalli can ƙasa wanda bai taɓa dannawa ba. Sai rubutu ya fito da kansa ya tafi wa kowa: "Ku ɗan jira ni, zan ɗauko 'yata daga makaranta, yanzu zan dawo." Ashe saƙo ne da marigayin ya adana don kada ya riƙa rubutawa kullum. Tela ya ɗaga kai, sai ya ji hayaniyar 'yan makaranta suna wucewa ta bayan taga, lokacin tashi ya yi. Abokan suka amsa da cewa a gaishe ta. Ya zauna hannu a cinya, sojan na tsaye a allo yana kallon bango. Tsoro ya kama shi, wallahi ya kama shi, amma bai hana shi komai ba. Ya jira kimanin yadda mutum zai je ya dawo, ya ci gaba da wasansa.

To, abokin wasansu na Yamai ya shigo garin su tela sarin kaya washegari, ya ce bari ya leƙa gwaninsu. Da yake marigayin ya taɓa faɗa masa inda shagonsa yake, ya tambaya a kasuwa, aka ce ai ya rasu tun kafin azumi. Ya yi dariya ya ce jiya ma sun yi wasa tare. Aka raka shi gidan, a ƙofar gida ya zaro waya ya nuna wa ƙanin matar saƙon, ga kwanan watan jiya a jikinsa. 'Yar marigayin, wadda ta kawo masa ruwa, tana tsaye a gefe, kuma ta iya karatu. Daga ranar, in an tashi makaranta ba ta barin bakin ƙofa. A ja ta ta turje, ta ce Baba ya ce a jira shi. Uwar ta daina barci, aka shiga kiran masu ruƙiyya, unguwa ta ɗauka ana maganar fatalwa. Tela yana kan kekensa yana jin komai, kuma ya san duk duniya ba mai iya tayar da yarinyar nan daga ƙofar nan sai shi. Ya naɗe linzamin a ƙyalle, ya je, ya durƙusa gabanta, uwar da malamai da masu talla suna kallo. Ya ce, "Ni na aika saƙon. Babanki ba zai zo ba."

Mutumin da ya ƙi sanar da baƙi rasuwa, shi ya sanar da marainiya mutuwar ubanta karo na biyu, da bakinsa, yana kallon idonta. Hausawa ba su yi ƙarya ba: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.