Ɗingishin Ƙwarya a Cikin Fiyano

Tunda na ga daga ba ka riƙon aiki hannunka ya fara ƙaiƙayi, duk abin da ka tarar sai ka ce a karkace yake, gyara zama in ba ka misalin wani makaɗin fiyano.

Mutumin nan gwani ne, ba na hana shi. Irin fiyanon nan gare shi mai makaɗa a ciki: ka zuba masa ganga, ka ɗora kalangu, ka bi da jita, ka adana, gobe in ka danna maɓalli sai ya yi ta juya kiɗan shi kaɗai, kai dai hannun hagunka ya riƙa nuna masa hanya. Wasu kwafo irin wannan kiɗa suke yi, shi kuwa da yatsunsa yake gina nasa, ga shi da ƙyamar karkata kamar magini. To yana da kaka, tsohuwar zabiyar amada, wadda tun yana cikin zanin goyo take ce masa maigida, shi kuma ya ce mata amarya. Ta yi zamani da wata aminiyarta mai kaɗa mata ƙwarya, tare suka tsufa a gidajen biki, suna faɗa suna shiryawa. Faɗan kuma ɗaya ne kullum. Zabiyar ta ce hannun aminiyar ɗingishi yake yi, domin a kowane zagaye sai ta ɗan yi jinkiri kafin ta sauke sanda, ita kuwa sai ta yi dariya ta ce a yi haƙuri, haka Allah ya yi ta. Da aminiyar ta kwanta ciwon ajali abu ɗaya ta roƙa: ranar auren jikarta da ta yi raino, zabiyar ta yi waƙa ko da baiti ɗaya ne. Zabiyar ta ɗauki alkawari. Tun daga rasuwar ba ta sake buɗe baki da waƙa ba, ga biki ya ƙarato, ga shi duk mai ƙwaryar da aka kawo sai ta ce hannunta bai yi mata ba.

Jikan ya ce wannan ai ƙaramin alhaki ne. Ya tono wani tsohon kaset ɗinsu, ya kifa ƙwarya a kan ruwa ya ɗauki sautinta, ya bi kiɗan marigayiyar bugu bayan bugu yana zubawa a fiyano. Da ya iso wurin jinkirin nan sai ya yi murmushi, ya ce ashe amarya tana da gaskiya. Akwai wani maɓalli mai jera kowane bugu a kan layinsa kamar haƙoran matsefi, ya danna shi, kiɗa ya miƙe sambal. Ya kinkimi fiyano har tsakar gida yana fankama. Tsohuwa ta gyara ɗaurin zani ta ɗauki waƙa, ba ta kai rabin baiti ba numfashi ya yanke. Ta sake ɗauka, kiɗa ya wuce ya bar ta tana haki. A ƙarshe ta zauna a kan turmi ta ce, "Maigida, kashe abin nan. Muryar ta bi mai ƙwaryar. Da wane ido zan dube ta gobe kiyama?" Maganar nan ta soke shi, domin duk tsiyar da yake yi mata ba shi da kamarta a duniya.

Ya koma ga kaset, amma wannan karon muryar ya saurara, ba ƙwaryar ba. Can ƙasa-ƙasa ya ji wani ɗan shaƙar iska mai fito, irin na wanda hayaƙin murhu ya taɓa wa ƙirji tun ƙuruciya. Ya mai da baya ya sake ji. Duk inda sanda ta yi jinkiri, a nan kakarsa take cika ƙirjinta. Ashe hannun marigayiyar lafiyarsa ƙalau. Ta gane abin da ƙawarta ba za ta taɓa yarda ta faɗa ba, ta riƙa buɗe mata ƙofa a cikin kiɗa, ta kuma ɗauki sunan gurguwar makaɗiya har kabari ba ta ce uffan ba. Ya goge aikinsa kaf, ya sake bugawa da hannu, kuma ya sha wuya, don yatsun da suka saba da daidai ba sa son koyon ɗingishi. Ya kai wa kakar tasa ya kunna. Ta ɗauki waƙa da ƙyar, tana jiran kunya, sai ta ji kiɗa ya dakata mata, ta ja numfashi, baiti ya fita har ƙarshensa. Ta kalli fiyanon, sannan ta ce, "Ashe jirana take yi." Ta yi kuka mai isarta, ta share ido da bakin zani, ta ce wa jikan sai yau ya fara zama makaɗi. Ranar biki ta yi waƙa har mata suka gaji da guɗa.

Don haka in ka tarar da karkata a aikin da wasu suka daɗe a kansa, kafin ka ɗauko guduma, tambayi wa aka karkata wa. Ruwa ba ya tsami banza.